Karatun likitan dabbobi: hanyar da ɗan Kornaka zai bi, da abin da ake son ya iya in ya ƙare

A ƙasar Kornaka da wuya ka shiga gidan da babu bisa. Wani gidan akuya biyu ce da kaji, wani shanun huɗa, wani garke guda. In hatsi ya ƙare a rumbu damana ba ta faɗi ba, akuya ake kaiwa kasuwa. In an yi haihuwa, rago. In yaro zai koma lakkol, ko mai gida ya kwanta ciwo, bisa ce ake dubawa. Shi ya sa ciwon da ya shiga garke bai tsayawa ga garke, sai ya iske tukunya.

Akwai mutumin da aka horar don ya tsaya tsakanin garke da ciwo, shi ne likitan dabbobi. Wannan bayani zai nuna wane ne shi, ta ina ake bi a zama shi, shekara nawa ake yi, da abin da ya kamata ya iya ran da ya fito. Mun rubuta shi don iyaye, da ɗalibai, da ƴan uwa da ke zaune waje waɗanda suke aiko da kuɗin karatun ƙannensu.

Wa ake ce ma likitan dabbobi

A ƙauye duk wanda ya riƙe sirinji ya soki saniya, likita ake ce masa. Amma a wajen hukuma ma'aikatan kiwo hawa-hawa ne.

Na sama shi ne dokta, wanda ya yi shekara 6 a jami'a bayan BAC, ya rubuta kundin bincike, ya yi rantsuwa. Shi ke da hurumin tantance ciwo, rubuta magani, yin tiyata, da sa hannu a takardar da ke shaidar cewa dabba ko nama lafiya lau suke.

Akwai injiniyan kiwo, shi ma ɗan jami'a ne, amma karatunsa ya fi ƙarfi wajen abinci, iri, kiwo da yadda za a ƙara nono da nama. Akwai teknisiyan da sauran jami'an kiwo, waɗanda suka yi shekara biyu zuwa huɗu a makarantun horo, kamar IPDR ta Kollo kusa da Yamai. Su ne aka fi gani a ofisoshin kiwo na ƙananan hukumomi da wuraren allurar riga-kafi. Sannan akwai mataimakan kiwo na ƙauyuka, mutanen gari ne da aka zaɓa aka ba horo na ɗan lokaci, suna yin ƙananan ayyuka ƙarƙashin kulawar dokta.

Mai tallar magani a kasuwa, da ya shimfiɗa kwalabe cikin rana, ba ya cikin wannan jeri. Kowane hawa da amfaninsa, amma in ana maganar karatun likitan dabbobi a jami'a, na farko ake nufi.

Hanyar tana farawa tun daga kwalej

Iyaye da yawa sai yaro ya ci BAC suke fara tunanin abin da zai karanta. A wannan fanni, lokacin an makara. Ƙofar tana ajin troisième, shekarar jarrabawar BEPC. Yaron da ke son likitanci, na mutane ko na dabbobi, dole ya shiga seconde C a lise, daga nan ya bi série D ko série C har terminale. Wanda ya bi série A, ɓangaren adabi, makarantun likitan dabbobi ba su ɗaukarsa.

Darussa uku ne ginshiƙi: SVT, wato ilimin halittu da ƙasa, sai fizik da shimi, sai lissafi. Faransanci ma ba abin wasa ba ne, don da shi za a yi karatun a Dakar ko Maroko. Wanda kuma ke hangen Najeriya, ya riƙe Ingilishi da kyau tun yanzu. Cin BAC kawai bai wadatarwa, makin da aka samu shi ke magana lokacin rabon gurabe da tallafin karatu, domin masu nema sun fi guraben yawa.

In aka lissafa: firamare shekara 6, kwalej 4, lise 3, jami'a 6. Shekara 19 ke nan in ba a maimaita aji ba. Yaron da aka sa lakkol yana ɗan shekara 7 zai fito dokta yana da 26. Abu ne mai tsawo, shi ya sa yake son shiri na dangi gaba ɗaya.

Ina ake karatun

Mafi yawan likitocin dabbobi na Nijar a waje suka yi karatunsu. Makarantar da aka fi sani ita ce EISMV ta Dakar, a ƙasar Sanagal. An buɗe ta a 1968 a cikin jami'ar Dakar, daga baya ta zama mallakar ƙasashen Afirka sama da goma, Nijar na cikinsu tare da Burkina Faso, Mali, Cadi, Benin, Togo, Kamaru da sauransu. Karatu a can shekara 6 ne: shekarar share fage, shekara huɗu na ainihin likitanci, da shekarar kundi. Ɗalibi na iya zuwa da tallafin ƙasarsa, ko kuma a kan kuɗin iyayensa.

Wasu sun yi a cibiyar Hassan II ta Rabat a Maroko, wasu a Sidi Thabet ta Tunisiya, wasu a jami'o'in Aljeriya. Dattawan ma'aikata da dama a tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka yi nasu. Tallafin karatu na gwamnati da na ƙasashe abokan hulɗa ta hannun hukumar ANAB yake bi, a Yamai, don haka can ne ɗalibi zai bi diddigin sanarwa da zarar sakamakon BAC ya fito.

Mafi kusa da mu kuwa su ne jami'o'in arewacin Najeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da likitocin dabbobi tun tsakiyar shekarun 1960. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara nata a shekarun 1980, akwai kuma jami'ar Maiduguri. Can ma shekara 6 ne, takardar da ake bayarwa sunanta DVM. Ɗalibin da ya yi sakandare a Najeriya ana neman ya ci darussa biyar da kyau: Ingilishi, lissafi, fizik, shimi da ilimin halittu, sannan ya zauna jarrabawar JAMB. Wannan ya shafi ɗiyan ƴan uwanmu da ke zaune Kano, Katsina, Kaduna ko Legas, waɗanda suka tashi cikin karatun Ingilishi. Wanda ya ƙare a can yana son yin aiki a gida, sai ya kawo takardarsa hukumomin Nijar su tantance ta.

Wani wurin da ake yawan ruɗewa: jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da aka kafa a 2010, da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, suna da tsangayar aikin gona inda ake karanta kiwo. Karatu ne mai kyau, kuma yana kai mutum ga aiki, sai dai takardarsa ta masanin kiwo ce. Kafin a biya kuɗin rajista a kowace makaranta, ta gwamnati ko mai zaman kanta, a tambaya a ji sarai: takardar da za a ba shi a ƙarshe ta dokta ce ta likitan dabbobi, ko ta kiwo ce?

Abin da ake koya cikin shekara shida

Shekarun farko na sanin lafiyayyar dabba ne. Ɗalibi zai feɗe gawar bisa, ya san kowane ƙashi, kowace jijiya, da inda huhu, hanta, saifa da ƙoda suke. Likitan mutane jiki iri ɗaya yake karanta, shi kuwa wannan sai ya san saniya, tunkiya, akuya, raƙumi, doki, jaki, kare, kyanwa da kaza. Cikin saniya da akuya ɗaki huɗu ne, na raƙumi uku, na doki da jaki guda ɗaya. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, tunkiya da akuya wata biyar, goɗiya wata goma sha ɗaya, taguwa kusan wata goma sha uku. Zafin jikin lafiyayyar saniya yana tsakanin digiri 38 da 39, amma na raƙumi yana sauka da asuba ya hau da rana ba tare da wani ciwo ba. Wanda bai san lafiya ba, ba zai gane ciwo ba.

Tsakiyar karatu ta masu kawo ciwo ce: ƙwayoyin cuta da ido bai gani sai da madubin labo, tsutsotsin ciki, kaska, ƙudan tsando, da tsirrai masu guba. Nan ake koyon magunguna, yadda kowane ke aiki a jiki, da yadda ake auna shi da nauyin dabba. Ana kuma koyon ciyarwa: abin da dusa, harawa, ƙwaryar auduga da gishirin lasa ke ƙara wa bisa, da abin da ke samunta in ta wuni kan busasshen kara kaɗai cikin bazara.

Shekarun ƙarshe na hannu ne. Ɗalibi yana shiga asibitin dabbobi na makaranta, yana duba marasa lafiya gaban malami. Yana koyon tiyata, sa barci, ɗinki, karɓar haihuwa, gwajin ciki, da sa wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bajimi. Yana zuwa mayanka don koyon duba nama. Lokacin hutu ana tura shi sitaj, sau da yawa a ƙasarsa, a ofishin kiwo, ko labo, ko wajen wani likita mai zaman kansa.

A shekara ta shida zai zaɓi matsala guda ya bincika, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban manyan malamai. Ɗaliban Nijar da dama sun yi nasu kan abubuwan gida: jar akuyar Maraɗi, shanun Azawak na tashar Tukunus, cututtukan raƙuma. A Dakar, bayan an karɓi kundin, sabon dokta yana yin rantsuwa da sunan Claude Bourgelat, mutumin da ya buɗe makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya, a birnin Lyon na Faransa, a 1761.

Abin da ake son ya iya ran da ya fito

Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924, aka daɗe ana ce mata OIE, tun 2022 kuma ake kiranta OMSA, ta fitar a 2012 da jerin abubuwan da kowane sabon likitan dabbobi ya kamata ya iya tun ranar farko ta aiki, ko a wace ƙasa ya yi karatu. Ga manyan cikinsu, da yadda suke a ƙasa irin tamu.

Na ɗaya, ya iya duba dabba ya gane abin da ke damunta. Zai fara da tambaya: yaushe ta daina ci, me ta ci, ina ta sha ruwa, akwai baƙuwar bisa da ta shigo garke? Sannan ya auna zafi, ya buɗe ido da baki, ya saurari ƙirji da tumbi. Rama iri ɗaya ce a ido, amma tana iya zama yunwa, ko tsutsar hanta, ko sammore, ko leda da ta cunkushe tumbi, kuma kowace da nata magani. Ta leda ma ba allurar da ke fidda ita, sai an tsaga. Kumburin cikin da ke kama bisa in ta afka wa gyauron dawa kuwa, minti kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa.

Na biyu, ya san cututtukan da ke ƙetare iyaka. Garkunan da ke sauka daga kwarin Tarka, Bermo da Gadabeji bayan girbi suna ratsa ƙasarmu ta burtali, wasu har cikin Najeriya, su komo da faɗuwar damana. Ciwo ma haka yake tafiya. Dole likita ya gane ciwon huhun shanu, da annobar awaki da tumaki da ake ce wa PPR, mai zuwa da masassara, majina, gyambon baki da zawo, da ciwon baki da kofato, da murar tsuntsaye irin wadda ta ɓulla a Magarya a 2006. Wasu cututtukan doka ta wajabta a sanar da hukuma da zarar an yi zargin su, ko da mai garke bai so.

Na uku, ya san cututtukan da ke tashi daga dabba su kama mutum. OMSA ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke. Haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Bakkale, mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, tana shiga mutum ta ɗanyen nono ko ta taɓa abin da aka ɓarar. Tarin fuka na shanu ma ta ɗanyen nono yake bi. A 2016 masassarar kwarin Rift ta ɓulla wajen Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa, bisashe suka yi ta ɓari, mutum sama da 30 suka rasu, yawancinsu makiyaya. Sai ciwon saifa: saniya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura bai daskarewa. Likitan kirki zai hana a feɗe ta, ya sa a binne ta da zurfi ko a ƙone, domin ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa shekaru da dama tana jiran wani garken.

Na huɗu, ya iya shirya riga-kafi. Allurar da ake yi duk shekara kyauta, ta ciwon huhun shanu, ta PPR da ta raƙuma, aiki ne mai lissafi. Yawancin ruwan allurar daga LABOCEL yake fitowa, babban labon kiwo na Yamai, kuma dole ya zauna cikin sanyi tun daga can har mashekarin makiyayi. In ya sha rana ya mutu, ko an yi allurar kamar ba a yi ba. In an haɗa shi da ruwansa, cikin ɗan lokaci kaɗan ake gamawa da shi. Likita ne zai lissafa yawan bisashe, ƙanƙara, man mota da ma'aikata, ya kuma yi wa jama'a bayanin abin da ya sa ake sa wa dabbar da aka yi wa allura alama a kunne.

Na biyar, ya iya ɗaukar samfuri. Jini, majina, yankin huhu ko kashi, kowane da yadda ake ɗaukarsa, a rubuta masa suna, a aika labo bai lalace ba. Haka kuma ya iya ƙidaya: nawa suka kamu, nawa suka mutu, daga wace rijiya ko wace kasuwa abin ya faro.

Na shida, tsabtar abinci. Naman da mahauta ke ratayewa ran kasuwa ya kamata a ce an duba dabbar tana raye, an kuma duba huhu, hanta da kaluluwa bayan yanka. Likita na da ikon ƙwace naman da bai dace a ci ba. Wannan aiki ne mai jawo baƙin jini, yana son mutum mai tsayawa kan gaskiya.

Na bakwai, sanin magani da amanarsa. Kasuwanninmu cike suke da maganin dabbobi na jabu, ko wanda rana ta kashe, ko wanda kwanansa ya wuce. Ko mai kyau ne, in ana ba da rabin awo, ƙwayar cuta tana sabawa da shi har ya daina aiki. Kowane magani kuma yana da kwanakin jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta, wani kwana kaɗan, wani makonni. Wanda ya turke rago don sallar layya, ya yi masa allura ana jibi salla, iyalinsa za su ci maganin cikin nama. Aikin likita ne ya faɗi haka ko ba a tambaye shi ba.

Na takwas, tausayin dabba: jakin amalanke mai gyambo a baya, shanun da aka cusa cikin mota ba ruwa, yankan da ake yi da dakusasshiyar wuƙa. Sai na tara, sanin doka. A Nijar akwai dokar kiwo mai lamba 2004-048 ta ranar 30 ga Yuni 2004, da dokar makiyaya ta 2010. Sa hannun likita a takardar lafiya shaida ce, in ya sa hannu kan dabbar da bai gani ba ya ci amana, kuma ana iya hukunta shi.

Na ƙarshe, iya magana da mutane. Makiyayin da ya tashi cikin shanu ya san bisarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa shi ke fara ganin alamar da likita zai dogara da ita. Dokta da ya zo da girman kai, yana zuba Faransanci, ba zai ji komai ba. Nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni sa'a: ya iya kama akuya, ya san sunan ciyawa, ya san gaisuwar rugga. In ya ƙara da Fulatanci ko Tamashek a kan Hausarsa, ya gama samun jari.

Bayan an karɓi takarda

Dokta ba ya fara aiki sai ya yi rajista da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa, ONVN, wadda ke sa ido kan ɗa'ar ma'aikata. Daga nan hanyoyi da yawa ne: ma'aikatar kiwo a jiha ko gunduma, labo, mayanka, tashoshin kan iyaka, garken gwamnati irin na Fako a arewacin Dakoro ko cibiyar awaki ta Maraɗi, ƙungiyoyin agaji, gonakin kaji, koyarwa da bincike.

Akwai kuma hanyar zaman kai, kuma a nan gundumarmu tana da tarihi. A Dakoro ne, cikin wuraren farko, aka gwada tsarin da ake kira SVPP tun daga 2003, ƙarƙashin shirin PROXEL na ƙungiyar likitocin dabbobi ta VSF Beljiyam da ƙungiyar Karkara. Tsarin shi ne dokta guda ya buɗe asibitin dabbobi da kantin magani a babban gari, ya horar da mataimaka a ƙauyuka da ruggage, yana ba su magani mai kyau, yana bin sawun aikinsu. Gwamnati kuma tana ba shi izinin yin allurar riga-kafi ta shekara a yankinsa, ta biya shi. Da aka ga ya yi amfani, sai aka yaɗa shi zuwa wasu gundumomin ƙasar. Ma'anarsa, dokta na yau sai ya haɗa da sanin kasuwanci: lissafin kaya, bashi, albashin ma'aikata, da haƙurin shekarar fari irin ta 2010, lokacin da bisashe suka yi ta faɗuwa a arewa, makiyaya ba su da abin biyan magani.

Ƴan mata fa?

Karatun nan ba na maza kaɗai ba ne, a Dakar da Zariya da Sakkwato duk akwai mata cikin azuzuwa. A garuruwanmu awaki da kaji galibi na mata ne, a cikin gida suke, inda baƙon namiji bai shiga kai tsaye. Likita mace tana shiga har turke, ta ji daga bakin mai akuyar. Yarinyar da ke da kai a lissafi da SVT, a bar ta ta kai terminale.

Abin da dangi za su iya yi

Ga iyaye na gida: ku je ku ga malaman kwalej tun yaro na quatrième, ku tambayi yadda yake a darussan kimiyya. In zai tafi lise a Dakoro ko Maraɗi, a nema masa masauki na kirki da abinci, don yara da yawa ba ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba, yunwa ce da rashin wurin kwana. A adana takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, a tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin harafi guda yana iya tsayar da dosiye. Lokacin hutu, a bar shi ya bi jami'in kiwo ko mataimakin ƙauye wajen allura, ya ga jini, ya ji wari, ya san ko zuciyarsa za ta ɗauka.

Ga ƴan uwa na waje, na Kano da Legas, da Abijan, da Libiya, da Aljeriya da Turai: ko ɗalibi ya samu tallafin gwamnati, akwai kuɗin mota, littattafai, kwamfuta, rigar aiki da takalmin roba, kuma tallafin kan yi jinkiri. Ƙaramin abu da ke zuwa kowane wata ya fi babban abu da ke zuwa sau ɗaya. In dangi za su ɗauki nauyin karatun da kansu, a yi lissafin shekara shida cif tun farko, a raba tsakanin masu hali, kada a kai shekara ta uku a tsaya. A nemi bayanin kuɗin daga makarantar kanta, a kuma biya ta hanyar da ta nuna, ban da ta hannun dillali.

Abin da wannan karatu ya taɓa yi mana

Tsofaffi sun san bushiya. A shekarun 1890 ta share shanun ƙasashen nan har Fulani da yawa suka rasa komai, ta kuma yi ta dawowa. A 1962 aka fara babban gangamin allura a Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru, likitoci da ma'aikatan kiwo suka bi rijiya-rijiya. Ta sake tasowa a farkon shekarun 1980, aka sake ɗaura ɗamara. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya, cuta ta biyu ke nan da ɗan Adam ya kawar bayan agana. Yaran yau ko sunanta ba su sani ba.

Yanzu duniya ta sa wa PPR wa'adin 2030, ita ce mai kashe awakin mata da tumakinsu. Aikin yana son likitoci da suka san daji, suka yarda su zauna kusa da masu bisashe. Ɗalibin da ke son ƙarin bayani ya fara da ofishin kiwo na ƙaramar hukuma ko na gunduma a Dakoro, da shugaban makarantarsa. Allah Ya ba ɗiyanmu sa'a, Ya tsare mana dukiyarmu.